Ranar da Koci Dogara Ya Ajiye Jatau a Benci

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, inda kogi ya raba tudu da fadama, dabbobi sun daɗe da daina cin junansu a fili, sun koma buga ƙwallo. Ƙungiyoyi goma sha biyu ne a dajin, kowace da filinta da magoya bayanta. A zamanin kakanni gasa ɗaya ce tak. Ana buga wasa ranar kasuwa, a huta kwana shida, idan damina ta kankama kuma a naɗe raga a rataye sai kaka. Babu wanda ya taɓa cewa wasan ya yi kaɗan, sai da aka kafa Majalisar Ƙwallo.

Shugaban majalisar wani raƙumin dawa ne mai suna Ciroma, dattijo mai fara'a. Saboda tsawonsa yakan hango cikar 'yan kallo tun daga nesa, amma bai cika ganin abin da ke faruwa daga gwiwa zuwa ƙasa ba. Mai tsara masa jadawalin wasanni kuwa kunkuru ne, Malam Mantau, wanda ba a taɓa samun mai cewa ya gan shi yana gudu ba. Su biyun ne suka lura cewa ranakun mako bakwai ne, amma guda ɗaya kawai ake mora. Sai suka ƙirƙiro Kofin Kaka. Da aka ga ya karɓu aka ƙaro Kofin Rani, aka yi Kofin Tudu da Fadama, aka yi Kofin Zakaru. Daga baya aka ƙara wani, inda wanda ya ci Kofin Kaka zai kara da wanda ya ci Kofin Rani. Idan ƙungiya ɗaya ce ta ci duka biyun, sai ta rabu gida biyu ta kara da kanta.

Ƙungiyar da wannan ci gaba ya fi faɗa wa a kai ita ce Gindin Marke. Wadda aka doke tun zagayen farko takan koma gida ta yi kiwonta. Gindin Marke kuwa duk kofin da ta shiga sai ta kai ƙarshe, saboda haka ladan iyawarta shi ne ƙarin wasa. Duk dajin kuma an san inda iyawar take. Wani gwanki ne ɗan wasan gaba, Jatau, ja, mai faɗin ƙirji. Idan ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili ya sunkuyar da kai, 'yan bayan abokan hamayya kan fara duban junansu. A kakar da muke magana, kafin ruwan farko ya sauka, Jatau ya buga wasa hamsin da takwas, kuma bai taɓa fita kafin usur na ƙarshe ba.

Wata safiya, bayan sun dawo daga wasa a Dutsen Kanya, tafiyar yini guda a ƙafa, Inna Gwamma ta same shi a bayan fili yana tsaye da ƙafa uku. Inna Gwamma bushiya ce, mai ɗorin ƙungiyar. Shekararta ashirin tana matsa ƙafafun 'yan wasa, har ta kai daga jin takun ɗan wasa takan san inda ke masa ciwo.

Ta ce, "Jatau, sauke ƙafar nan in gani."

Ya ce, "Ba komai, Inna. Ƙaya ce na taka."

"Ni za ka gaya wa ƙaya? Sauke."

Ya sauke. Ta bi agarar ƙafarsa ta baya da hannu tun daga kofato har sama, ta ji ta kumbura, ta yi zafi kamar an ajiye ta kusa da murhu. Da ta ɗan danna, sai Jatau ya ja numfashi ta tsakanin haƙora.

"Tun yaushe?"

"Tun wasanmu da 'yan Tudun Gawo."

"Wata biyu ke nan! Kana da hankali kuwa?"

"Idan jikina ya yi ɗumi takan saki, Inna."

"Da safe fa?"

Jatau ya ce, "Da safe sai na jingina da itace kafin in miƙe. Don Allah kada ki gaya wa Koci."

Daga nan kai tsaye wurin Koci ta nufa. Kocin gadu ne mai suna Dogara, tsohon ɗan baya, ba mai yawan magana ba. Ta same shi yana zana tsarin wasan jibi a ƙasa da haurensa.

Ta ce, "Koci, agarar Jatau saura zare. In ka ba ni shi mako uku, zan mayar maka da shi lafiya. In ka ci gaba da sa shi, ranar da za ta tsinke kada a kira ni. Ƙashi nake ɗorawa, ban san mai ɗora agara ba."

Dogara ya ce, "Mako uku, Inna? Wasa bakwai ke nan."

"Ni ban iya jadawali ba, ƙafa na iya. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Jiya na ga mai tsaron ragarka yana gyangyaɗi a tsaye ana tsakiyar wasa. Kyaftin ɗinka ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ga wasu sha ɗaya can a benci, sun yi ƙiba don zama. Me ka ajiye su su yi?"

Dogara ya daɗe yana duban zanen da ya yi. Sannan ya sa kofato ya share shi, ya sake wani.

Ranar wasa fili ya cika ya batse, don 'yan Fadamar Gwaza ne suka zo. A bisa reshen da ya fi kowane tsawo akwai wani aku mai suna Barmo, mai sharhin wasa, wanda duk abin da ya faɗa da yamma shi dabbobi ke maimaitawa da safe a matsayin ra'ayinsu. Shi ke karanta sunayen 'yan wasa. Ya karanta ɗaya, biyu, har goma. Da ya zo kan na goma sha ɗaya sai ya tsaya, ya juya ganyen da aka rubuta sunayen, ya duba bayansa, ya sake juyo shi.

Ya ce, "Jama'a, ina jin an yi kuskure. An rubuta Shekarau."

Wata tsohuwar gada ta tambayi na kusa da ita, "Wane ne Shekarau?" Ba wanda ya sani. Sai ga wani jaki ya fito daga benci yana miƙa, yana duban filin kamar baƙo. Kaka uku ke nan yana cikin ƙungiyar, bai taɓa taka ƙwallo a gaban jama'a ba, har wasu sun ɗauka shi ne mai ɗauko wa 'yan wasa ruwa. A gurbin da ya tashi kuwa, ga Jatau zaune, da kyaftin, da mai tsaron raga, da wasu biyu.

Birai suka fara ihu daga kan itatuwa. Wani ɓauna da ya yi tafiyar kwana biyu da iyalinsa don su ga Jatau ya miƙe yana cewa, "Mutuwa ya yi? Ga shi can ina ganinsa da rai! To me ya zaunar da shi?" Barmo ya buɗe fukafukai ya ce, "Tun da nake sharhi ban taɓa ganin irin wannan ba. Gwanki lafiyayye, ƙafa huɗu cif, an ajiye shi yana kallo. Wai hutu! Ku ji fa, hutu! Aikin me ya yi? Wasa fa yake yi."

Shekarau ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma wanda ya shekara uku a zaune ba ya tashi rana ɗaya ya san inda abokan wasansa za su jefa masa ƙwallo. Sau biyu yana samun kansa shi da raga, sau biyu yana aika ƙwallon cikin kogi. Sauran huɗun da aka sako tare da shi ba su ma san sunayen juna sosai ba. Aka tashi Fadamar Gwaza na da biyu, Gindin Marke na nema. Dogara ya fita ta bayan fili, ana jifansa da 'ya'yan kanya.

Washegari shugaban ƙungiyar ya aika a kira shi. Shugaban kada ne mai suna Arzika, wanda ke karɓar baƙi a bakin ruwa, rabin jikinsa a ciki. Bai ce wa Dogara ya zauna ba.

Ya ce, "Dogara, ni ba na sa baki a aikin koci, kowa ya shaide ni. Tambaya kawai zan yi. Jiya shugabannin ƙungiyoyi huɗu suna zaune kusa da ni. Na gayyace su su zo su ga gwankina, sai ka nuna musu jaki. Ka san yadda suka dube ni? Sun ce mini in yi haƙuri. Ni, a ba ni haƙuri! An ce mini wai ƙafarsa ce. Na aika an duba, an ce ƙafar tana nan a jikinsa. Gajiya kuwa, waye bai gaji ba? Ni nan da kake gani, tun safe nake kwance a rana ina tunanin ƙungiyar nan, ban ce wa kowa na gaji ba. Gata muna da wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Zakaru. Ban ce ka sa shi ba. Kai ne koci. Amma in na duba filin ban gan shi ba, zan ɗauka ka gaji kai ma, kuma zan ba ka hutun da kake ta nema wa wasu."

Dogara ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗori ta ce agarar za ta tsinke."

"Ta ce yaushe?"

"Ba ta ce ba."

"To ka gani."

Da Dogara ya dawo, sai ya tarar Jatau na jiransa a bakin fili. Ya zaci zai gode masa. Amma Jatau ko gaisuwar kirki bai yi ba.

Ya ce, "Koci, jiya na bi ta kasuwa, ba wanda ya kira sunana. Wani ya ce wai na fara girman kai, wani ya ce na tsufa. Barmo ya ce a wancan dajin akwai wani ɗan gwanki da ya fi ni gudu, wai Shugaba Arzika ya aika a gano shi. Ni ba ni da wata sana'a. Ban iya komai ba sai wannan. In na zauna mako uku, wa zai tuna da ni? Ka sa ni. Wasa ɗaya ne. Bayansa zan huta."

Dogara ya ce, "Bayansa akwai na ƙarshe."

"To bayan na ƙarshen."

"Bayansa Kofin Tudu da Fadama zai fara."

Jatau ya ce, "Koci, ka sa ni."

Inna Gwamma ta ji labari ta zo da sauri iyakar saurin bushiya. Ta ce wa Dogara abin da ta ce masa da farko, ta ƙara da wasu kalmomin da ba a san ta da su ba. Dogara ya saurare ta har ta gama, bai ɗago kai ba. Ya ce, "Inna, in ban sa shi ba za a kawo wanda zai sa shi, kuma wancan ba zai saurare ki ko sau ɗaya ba. Zan cire shi a hutun rabin lokaci." Ta dube shi ta ce, "Allah ya sa." Ta koma ta jiƙa sassaƙe, ta naɗe ƙafar Jatau da ɓawon rama tun daga kofato har gwiwa, tana naɗawa tana faɗa.

Ranar wasan, da Barmo ya kira sunan Jatau, ihun da aka yi har tsuntsayen dutsen gabas sai da suka tashi. Kuma Jatau bai ba su kunya ba. Kafin rana ta karkata ya wuce 'yan baya uku ya zura ƙwallo a kusurwar raga. Aka tafi hutun rabin lokaci da ci ɗaya da nema. Barmo ya ce, "To ina gajiyar? Ku nuna mini ita! Wannan ne aka ce ba shi da lafiya?"

A gindin inuwa Inna Gwamma ta taɓa naɗin ta ji ya cika tam, ƙafar ta kumbura a cikinsa. Ta ce, "Koci, lokaci ya yi." Dogara ya dubi benci, inda Shekarau ya riga ya miƙe yana jira. Ya dubi bakin ruwa, inda Arzika ya fito da kansa gaba ɗaya yana murmushi da baƙinsa. Ya dubi taron da ke rera sunan Jatau. Ya ce, "Ci ɗaya ba ci ba ne, Inna. Kaɗan zai ƙara." Shekarau ya koma ya zauna.

Ba a daɗe da komawa ba aka jefa wa Jatau doguwar ƙwallo ta gefen hagu. Ya bi ta shi kaɗai. Babu ɗan baya kusa da shi, babu rami, babu dutse, filin a share yake. Sai aka ji wani sauti, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Waɗanda ke can ƙarshen fili ma sun ji. Jatau ya yi taku ɗaya a iska, ƙafar ta ƙi zuwa, ya kifa da ƙirji, ƙahonsa ya kafe a ƙasa. Ƙwallon ta ci gaba da gangarawa ita kaɗai har ta fita.

Alƙalin wasa, wani zomo, ya rugo da jan kati a hannu yana waige-waige, yana neman wanda ya yi ƙetar. Bai ga kowa ba. Ya tsaya da katin a sama, sannan a hankali ya mayar da shi. Jatau bai yi kuka ba. Ya ɗago kai ya waiwaya ya dubi ƙafar, wadda ke lilo daga gwiwa kamar ba tasa ba, ya ce, "Wa ya harbe ni?" Da gaske yake tambaya. Ya ɗauka wani ne ya jefe shi daga baya.

Inna Gwamma ta ratsa filin, ba wanda ya tare ta. Ta kwance naɗin, ta sa hannu inda agarar take, hannun ya nutse. Ta zauna a ƙasa. Jatau ya ce, "Inna, mako nawa?" Ɓauna huɗu suka ɗauke shi a kan asabari suka fita da shi. Da suka wuce layi, zomo ya hura usur, aka ci gaba da wasa, don akwai wani wasan da za a yi a filin kafin rana ta faɗi.

Kwana uku bayan haka Majalisar Ƙwallo ta kira taron gaggawa a gindin babbar kuka. Duk mai motsi a dajin ya zo, ban da 'yan wasa, waɗanda ke da wasa a ranar. Ciroma ya miƙe, muryarsa na saukowa daga sama.

Ya ce, "Jama'a, na kaɗu. Ban taɓa kaɗuwa irin wannan ba. Yaron nan a gabana ya girma. Da wani ya zo ya gaya mini cewa 'yan wasanmu na gajiya, da na ɗauki mataki tun tuni. Amma daga inda nake, duk lokacin da na duba, gudu nake gani suna yi. Ba za mu bar wannan wuri ba sai mun gano abin da ya jawo wannan abu, don kada ya sake faruwa. Malam Mantau, an ce wai jadawali ne."

Kunkuru ya ɗauki lokaci kafin ya iso tsakiya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na kaɗu ni ma, musamman da na ji ana ambaton jadawali. Na sake bin sa layi-layi. Babu ƙungiyar da na sa ta buga wasa biyu a lokaci ɗaya. Tsakanin kowane wasa da na gaba akwai aƙalla faɗuwar rana guda, wani lokaci har biyu. An ce tafiya tana da nisa. Daga nan zuwa Dutsen Kanya ni kwana goma sha ɗaya nake yi, su yini guda suke yi. To wa ya kamata ya yi kukan nisa, ni ko su? Ni ban taɓa tsinka agara ba."

Aka yi ta gyaɗa kai. Arzika ya nemi izini, ya yi magana daga cikin wani kududdufi da aka tanadar masa.

Ya ce, "Ni ne na fi kowa rashi, amma ba zan yi maganar kaina ba. Ku duba abu ɗaya. Wasa hamsin da takwas gwankin nan ya buga a jere, ƙafarsa ba ta ce komai ba. Rana ɗaya aka ajiye shi a benci, rana ɗaya tak, wasan da ya biyo baya ta tsinke. Ni ba mai ɗori ba ne, amma ina da ido. Ƙafar da ta saba gudu aka sa ta ta huce. Ban ce laifin wani ba ne. Kuma kowa ya shaida ban taɓa cewa a sa shi a wasan nan ba. Na ce wa koci shi ne koci."

Wani gunaguni ya ratsa taron, irin na waɗanda aka buɗe wa ido. Barmo ya sauko reshe ɗaya ya ce, "Abin da nake ta faɗa ke nan! Tun farkon kaka nake cewa ana kashe yaron nan da aiki. Wane irin koci ne zai sa ɗan wasan da ke ɗingishi? Kowa ya ga yana ɗingishi!" Birai suka amsa cewa lalle kowa ya gani.

Sai Inna Gwamma ta fito. Da yake gajeriya ce, sai da aka ɗora ta kan suri kafin a gan ta, Ciroma kuma ya yi ƙoƙarin sunkuyowa har rabin hanya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban kaɗu ba, kuma ina neman gafara a kan haka. Agara ba ta tsinkewa rana ɗaya. Zare-zare take tsinkewa, kowane wasa da nasa, na ranar nan shi ne na ƙarshe kawai. Jiki ba a wasa yake ƙarfi ba, a kwanakin da ke tsakanin wasa yake gyara abin da ya lalace, ku kuwa kun cinye kwanakin. Koci ya huta da shi sau ɗaya, kuka jefe shi. Ya sa shi, ga shi kuna neman jifansa. Kuna da 'yan wasa a benci da ba ku yarda a sa su ba sai sun iya, kuma ba za su iya ba sai an sa su. Yanzu haka da nake magana, a ƙungiyarmu kaɗai akwai ƙafa shida da nake jin irin zafin da na ji a ta Jatau. Na tambayi masu ɗorin sauran ƙungiyoyi, kowa da nasa. Ba na roƙon a daina ƙwallo. Ku cire kofi ɗaya. Ɗaya kawai. Ku zaɓi wanda kuka ga dama."

Wannan karon kaɗuwar ta gaske ce. Ciroma ya miƙe wuyansa da sauri har ya bugi reshe. Mantau ya shige cikin ƙoƙonsa, sai da aka ƙwanƙwasa ya fito. Wani daga baya ya ce, "A cire kofi? To ranar Laraba me za mu yi?" Ciroma ya yi gyaran murya ya ce majalisa ta ji bayanin Inna, bayani ne na uwa, kuma za a rubuta shi a ajiye a wuri mai kyau. Sannan ya tambayi Dogara ko yana da abin cewa.

Dogara ya ce, "Ta gaya mini sau uku, ranka ya daɗe. Na ji ta sau ɗaya. Ba ni da sauran magana."

Majalisa ta shiga bayan kuka ta yi shawara, ta fito kafin inuwa ta matsa. An sami Dogara da laifi biyu, na ajiye Jatau da na sa shi, aka sallame shi. An umarci 'yan wasa su riƙa gaya wa manya gaskiya idan sun gaji, a rubuce, kwana bakwai kafin gajiyar. Daga ƙarshe Ciroma ya ce, don kada wannan darasi ya wuce a banza, majalisa ta ga ya wajaba a wayar da kan dajin gaba ɗaya a kan muhimmancin hutu. Malam Mantau ya bincika ya gano akwai kwana tara a tsakiyar damina da babu wasa a cikinsu. A cikin waɗannan kwanaki za a buga sabuwar gasa mai suna Kofin Hutu, kuma saboda girman saƙon, dole kowace ƙungiya ta fito da manyan 'yan wasanta. Aka yi tafi mai tsawo.

Da yamma Dogara ya bi ta gidan Jatau kafin ya bar yankin. Ya same shi kwance a inuwa, ƙafar a miƙe tsakanin karare biyu, Inna Gwamma na shafa mata mai. Ba kowa a wurin sai su. A kwana biyun farko an yi ta zuwa dubiya, amma wasanni sun ci gaba, kuma ɗan gwankin nan na wancan dajin ya riga ya iso.

Dogara ya tsaya daga nesa kaɗan ya ce, "Jatau, ka yafe mini."

Jatau ya ce, "Ni na roƙe ka, Koci."

"Aikina ne in ƙi."

Can Jatau ya ce, "Inna ta ce zan yi tafiya. Gudu ne dai babu." Ya ɗan yi dariya. "Ka san abin mamaki? Jiya na yi barci har rana ta take. Na farka ina neman inda ke mini ciwo, ban da ƙafar, babu. Na manta haka jiki yake." Sai ya juyar da kai wajen itace, Dogara kuma ya gane lokacin tafiya ya yi.

An buga Kofin Hutu a kan lokaci, cikin ruwa da taɓo, kuma an ce ba a taɓa samun cikar jama'a irin tasa ba. Ƙafa huɗu aka fitar a kan asabari kafin a kai wasan ƙarshe, majalisa ta bayyana kaɗuwarta a kan kowace. A ranar ƙarshen aka ɗauko Jatau aka zaunar da shi a gaba kusa da manya, Ciroma ya nuna shi ga jama'a, ya ce a dube shi da kyau, ga shi ya yi ƙiba, fatarsa na sheƙi, wannan kuma shaida ce cewa a ƙarƙashin wannan majalisa duk ɗan wasan da ya cancanci hutu yana samunsa.